Ma'aji Ba Ya Kan Kujera

Jama'a, ku taya ni jaje, a makon nan Ma'aji ya ɓace a gidana. Na tashi da safe na tarar babu shi babu dalilinsa, ya tafi da duk abin da aka ba shi ajiya. Na san wani zai ce ai wannan ba labari ba ne, yaushe ma'aji ya daina ɓacewa. To bari in yi bayani. Nawa Ma'ajin ba shi da ƙafa, ba shi da fasfo, ba shi da ƙanin mata a ƙasar waje. A ɗaure yake da noti cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin falo, amma duk da haka ya samu hanya.

Akwatin nan wata tsohuwar kwamfuta ce da na hana ta mutuwa. Na cusa mata faya-fayan ajiya guda huɗu, irin masu nauyin nan da ke ƙugi idan suna juyawa, na haɗa ta da intanet ɗin gida, na raɗa mata suna Rumbu. Duk hoto, duk bidiyo, duk wata murya da aka naɗa da waya a danginmu, can ake zubawa. Da yake faya-fayan kamarsu ɗaya, sai na yanka takarda na manna wa kowanne muƙami don in riƙa bambance su: Shugaba, Mataimaki, Sakatare, Ma'aji. Mai ɗakina ta ce tun ranar ta san za a yi haka. Wai mutum da hankalinsa ya rasa sunan da zai sa wa abin riƙon amana sai waɗannan.

Da hotunan yara ne ko finafinai suka tafi, da ban ɗaga muku hankali ba. Abin da ke hannun Ma'aji muryar Inna ce. Mahaifiyarmu ta rasu bara. A kwanakinta na ƙarshe a asibiti, Yaya, babbar yayarmu, ta kunna waya ta naɗi maganarta, inda ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana sa mana albarka. Autarmu ba ta nan lokacin, tana wata ƙasa wajen aikin jinya, tana duba iyayen wasu. Da aka gaya mata akwai wannan magana sai ta ce kada a tura mata. Ta ce ba za ta iya ji ita kaɗai a ɗaki a garin mutane ba, a ajiye mata sai ta zo gida ta ji a tsakiyarmu.

Wayar Yaya kuwa kullum kukan cika take yi. Sai na buga ƙirji na ce ta kawo in zuba a Rumbu, ta goge nata. Ta nuna shakka. Na yi mata jawabi mai daɗi, na ce Ma'aji zai riƙe, kuma duk abin da Ma'aji ya riƙe Mataimaki na kwafa, ko ɗaya ya mutu ɗaya na nan, har jikokin jikoki sai sun ji muryar Inna. A gabana ta goge. To a ƙarshen makon nan ake sa ran isowar Auta, kuma a farkonsa Ma'aji ya yi ɓatan dabo.

Ba haka kawai ya ɓace ba, rakiya aka yi masa. Ana gobe zan tashi da wannan jaje, Mai Girma Mai Almakashi ya zo unguwarmu buɗe sabuwar taransifoma. Mu da muke wucewa ta gabanta kullum mun gane ta, tsohuwar ce aka yi wa fenti, har lotsawar da wata mota ta taɓa yi mata tana nan. Amma an kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗaura jan ƙyalle, an kuma kawo janareto don lasifika ta samu wutar da za a sanar da mu cewa duhu ya ƙare. Mai Girma, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya ce daga yau 'ya'yan unguwar nan za su manta yadda ake kunna tocila. Aka yi tafi. Ya yanka ƙyalle, ya danna maɓalli, wuta ta shigo gidajenmu kamar an koro ta. Ƙwan fitilar kicin ya fashe, fanka ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba ko tana sabuwa, firji ya yi wani irin nishi. Aka ɗauke, aka dawo, aka ɗauke, aka dawo. Na yi tsalle na fizgo Rumbu ina neman fulogi, amma kafin in cire ya suma ya farfaɗo har na daina lissafi. Ayarin motocin Mai Girma bai gama fita daga layinmu ba muka koma duhunmu na gado.

Washegari da masu wuta suka ɗan leƙo da ita, na kunna Rumbu, na buɗe shafin da ke nuna faya-fayai a ƙaramar kwamfutata. Shugaba na nan, Mataimaki na nan, Sakatare na nan. Layi na huɗu fayau.

Ina durƙushe a ƙarƙashin tebur sai ga maƙwabcina ya yi sallama. Darakta muke ce masa. Ya yi ritaya daga wani ofishi da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki, kuma babu wanda ya san ko ya taɓa kai darakta, amma yana amsawa, mu kuma ba mu da lokacin bincike.

"Lafiya na gan ka a nan ƙasa, maƙwabci?"

"Ma'aji ne ya ɓace, Yallaɓai."

Ko gezau bai yi ba. Ya ja kujera ya zauna, ya tattara rigarsa. "Da kaya ko ba kaya?"

"Da kaya."

"To abu na farko, kada ka kuskura ka ce ya ɓace. Ka ce ana tantance inda yake. Na biyu, ka kafa kwamiti. Ni ba na son shugabanci, amma idan ka matsa zan karɓa."

Na ce ya riƙe min tocila tukuna, mu ga yadda zai yi da ƙaramin muƙami. Na kashe Rumbu, na kwance murfi, na hure ƙurar da ta yi kauri a kan fanka. Kowane faifai wayoyi biyu ke shigarsa, ɗaya ta wutar da yake ci, ɗaya ta saƙon da yake kaiwa ya kawo. Da na laluba bayan Ma'aji sai na ji ta saƙon ta zame, tana reto, da alama tun fizgar da na yi wa akwatin. Ɗayar kuwa daram.

"Haka suke," in ji Darakta, yana haska min kunne maimakon akwatin. "Ta cin ba ta taɓa kwancewa."

Na cire wayoyin duka, na goge bakinsu, na mayar da kowace na danna har sai da ta ce ƙyas. Na kunna. Layi na huɗu ya bayyana, na yi hamdala da ƙarfi. Na danna ƙofar Ma'aji don in ga muryar Inna, sai na tarar da sakamakon jarabawar yara da takardar haihuwar ɗiyata. Kayan Sakatare ne zube a ofishin Ma'aji.

Sai da kaina ya ɗau zafi kafin na gano abin da ya faru. Ashe na'ura ba ta san takardun da na manna ba. Ita bisa ramin da aka soka wayar kowa take ba su lamba, wannan na ɗaya, wancan na biyu. Ni kuma tun farko da lambar kujera na gabatar mata da su, ban gabatar da kowa da sunansa na yanka ba, wata doguwar lamba da ke jikin kowane faifai wadda ba ta canzawa. Da na mayar da wayoyin ban lura ba na sauya ramuka, Sakatare ya faɗa kujerar Ma'aji, kuma bai ce uffan ba, ya zauna abinsa.

Darakta ya yi dariya har da buga cinya. "Garambawul ke nan. Mutanen dai su ne, kujeru aka sauya. A zamaninmu an taɓa kai mai kula da kiwon kaji ya riƙe sashen gadoji, ya yi shekaru ba wanda ya lura, har shi kansa."

Na zauna na kwafi dogayen lambobin nan harafi bayan harafi, na gaya wa na'ura daga yau ta nemi kowa da sunansa, ko a ina ya zauna. Sakatare ya koma ofishinsa. Na ce to, saura Ma'aji ya shigo.

A nan ne sai na koya muku wata kalma ta masu wannan harka. Ba ya isa a ce na'ura ta ga faifai. Sai ya hau, wato ya zauna a mazauninsa ya buɗe abin da ke cikinsa, sannan a iya amfani da shi. To Ma'aji na'ura ta gan shi sarai. Ta faɗi sunansa, ta faɗi girmansa, har zafin jikinsa ta auna ta ce lafiya lau. Amma ya yi kememe ya ƙi hawa. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an ba wani kujera ya ƙi hawa ba, abin da na sani sauka ce ke gagara. Sai a gidana, kuma a makon da ba na son abin mamaki.

"Ai ba wani abu ba ne," in ji Darakta. "Ya zo aiki, motarsa na waje. Ba ya kan kujera ne kawai. Ka dawo gobe."

Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Yaya ce. Mai ɗakina ta rantse ba ita ta tsegunta mata ba, ni kuma na yarda, don ina son zaman lafiya.

"Me nake ji game da akwatin nan naka?"

"Ƙaramar tangarɗar na'ura ce, Yaya. An riga an shawo kan lamarin. Yanzu haka ana kan aiki, kuma nan ba da jimawa ba..."

"Kai, ni ce fa, ba 'yan jarida ba. Muryar Inna na nan ko ba ta nan?"

Na buɗe baki sai na ji abin da ke shirin fitowa shi ne ana tantance inda take. Na haɗiye shi. Na ce, "Tana ciki, amma ƙofar ta ƙi buɗuwa."

"Ba ka ce akwai mai kwafa ba?"

"Akwai."

"To je ka ɗauko a wajensa." Ta kashe.

Gaskiyarta, kuma na ji kunyar yadda ruɗewa ta mantar da ni. Na juya ga Mataimaki. Fitilarsa kore shar, yana juyawa yana ƙugi, ga alamar mai aiki tuƙuru. Na buɗe shi. Ashe tun kafin Inna ta kwanta asibiti ya daina kwafar komai. Finafinan yara sun cika masa ciki, wurin ajiya ya ƙare, sai ya ajiye aiki bai gaya wa kowa ba. Tun daga lokacin yake shan wutar gidana, yana kunna koriyar fitila, ni kuma ina wucewa ina jinjina masa. Darakta ya leƙa, ya ce shi bai ga laifinsa ba, mataimaki ai aikinsa ke nan, ya kasance yana nan.

Sai na'ura ta ga na shiga uku ta ce bari ta taimaka. Ta fito da saƙo, wai ba a rufe Ma'aji da kyau ba lokacin da wuta ta yanke, tsarin da ke nuna inda komai yake a cikinsa ya hargitse. Wai ko in share shi gaba ɗaya a fara sabon lale? Ga maɓallai biyu. Na amincewa ƙato, shuɗi, yana ƙyalli. Na ƙin yarda ɗan mitsitsi a gefe, sai ka sa tabarau.

"Danna babban," in ji Darakta, ya matso da kujera. "Sabuwar gwamnati ke nan. Duk wanda ya hau, abin da ya tarar yake fara sharewa, sai ya ce bai tarar da komai ba. Nan take za ka ga ya hau kujera, tas da shi, ba wanda ke binsa tambaya."

"Yallaɓai, muryar Inna na ciki."

"Sai ka ce laifin na baya ne."

Yana magana yatsansa na tafiya wajen kwamfutar, don mutum ne da ba ya iya ganin wurin sa hannu ya ƙyale. Allah ya kawo mai ɗakina da faranti. Ta dire shi a tsakaninsa da kwamfutar, ta ɗauke ta ta ɗora a kan firji, ta ce, "Baba Darakta, shayinka na hucewa." Ban taɓa son matar nan kamar lokacin ba.

Na shiga wani zaure a intanet inda masu irin wannan akwati ke taruwa su yi wa juna jaje da gori. Na faɗi matsalata. Na farko ya tambaye ni me ya sa ban ajiye kwafi ba. Na biyu ya ce irin faifan da na saya ne ba shi da kyau. Na uku da na huɗu suka kaure da faɗa a kan abin da bai shafe ni ba. Can ƙasa wani bawan Allah ya rubuta abin da ya shiga kaina. Ya ce kada in yarda a rubuta komai a kan faifan, ko gyara ne. In hawar da shi ta yadda sai dai a karanta abin da ke ciki, in kwashe duka zuwa wani faifan, sannan a yi maganar gyara. Ya ce aikin zai ci kusan wuni, kuma idan wuta ta yanke a tsakiya, mai yiwuwa faifan ba zai ƙara tashi ba.

Wuni guda na wuta ba yankewa. A unguwarmu wannan ba buƙata ba ce, buri ne. Amma tun da an buɗe mana sabuwar taransifoma da bakin Mai Girma, na ce bari in je ofishin masu wuta in ji ko akwai ranar da za su iya ranta mana.

Na tarar da ofishin da sanyi mai daɗi, janaretonsu na aiki a bayan gini. Wata baiwar Allah na zaune a bakin kanta tana latsa waya. Na gaishe ta, ta amsa wa wayar.

"Mai kula da layinmu nake nema, Hajiya."

"Ba ya kan kujera."

Ƙofarsa a buɗe take. Ina hango kwat ɗinsa rataye a bayan kujera, tabarau a kan tebur, fanka na kaɗa wa kujerar iska.

"Yaushe zai dawo?"

"Ai bai tafi ba."

"To yana ina?"

"Yana nan. Ba ya kan kujera ne."

Na ce a raina, wannan na san shi, akwai ɗan'uwansa a ƙarƙashin teburina. Na tambayi mataimakinsa, ta ce ya tafi taron godiya ga Mai Girma saboda taransifomar da aka buɗe. Na ce daga unguwar nake, kuma tun da aka buɗe ta wutar leƙe take yi ta koma. A nan ne ta ɗago kai ta dube ni, da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai san abin da ke faruwa a gidansa ba.

"A wajenmu an ba ku wuta, Malam. Ka je ka duba wayoyin gidanka."

Na gode mata. Ai kuwa na duba, kwana nawa ina dubawa.

Sai na koma ga janareto, shi kuma sai da mai. Na ɗauki jarka na bi layi a gidan mai tun rana na gefe har ta dawo tsakar ka. A rediyon wani mai mota ana hira da wani Ranka Ya Daɗe, yana cewa mai ya wadata, jama'a ne ke tsorata kansu. Duk layin muka saurara cikin natsuwa, mu matsorata. Can sai ga wasu baƙaƙen motoci masu duhun gilashi sun shigo ta ƙofar fita, aka cika musu, suka fita ta ƙofar shiga. Mutumin da ke gabana ya ce Allah sarki, su ma tsoron ne ya kamo su. Na samu rabin jarka bayan na sha rana da hayaƙi, na rungume ta zuwa gida.

Da safe na tayar da janareto, na gargaɗi gidan kaf cewa duk wanda ya jona dutsen guga ko tukunyar lantarki mun ɓata. Na share finafinan da suka toshe cikin Mataimaki, ya samu wuri. Sannan na rubuta umarnin da bawan Allahn nan ya koya min, na karanta bismillah, na danna.

Ma'aji ya hau. Ya hau ne da hannu a ɗaure, sai dai ya nuna abin da ke wajensa, ba ya iya ƙarawa, ba ya iya ragewa, ba ya sa hannu a komai. Na ce wa Darakta, wanda ya leƙo ganin yadda za ta kaya, da haka ake hawar da kowa da mun huta. Ya ce to wa zai nemi kujerar?

Aka fara kwasa. Wani ɗan layi na rarrafe a fuskar kwamfuta, ni ina zaune a ƙasa ina kallonsa, kunne ɗaya a kan janareto. Jifa-jifa Ma'aji ya yi ƙas, ƙas, ya tsaya, zuciyata ta tsaya tare da shi, sai ya ci gaba. Ban ci abincin kirki ba ranar. Da yamma aka gama, na'ura ta ce ta kwashe, sai dai akwai wurare kaɗan da suka ƙi karantuwa. Na nemo fayil ɗin Inna, ga shi da sunansa da girmansa. Na kunna. Na ji tarinta, na ji ta ce, "Kin kunna abin?" Na kashe, don idona ya kawo ruwa, kuma ba ni aka ajiye wa ba. Na kira Yaya na ce an samu. Ta ce alhamdulillahi, ban da jawabi.

Auta ta iso. Ta rame, ta yi haske, ta ƙara kama da Inna a wajen baki. Bayan ta huta ta yi salla, da kanta ta ce a kunna. Muka zauna a falo, Yaya kusa da ita, mai ɗakina a bakin ƙofa. Na jona lasifika.

Muryar Inna ta cika ɗakin, a shaƙe, a hankali, amma ita ce. Ta fara da Yaya, ta ce ta riƙe gida, ta rage faɗa. Yaya ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi. Ta zo kaina ta ce, "Kai kuma mai wasa da wayoyi, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka abin yi na gaske." Duk muka yi dariya, har Auta. Sai Inna ta ja numfashi.

"Auta kuwa, ku gaya mata..."

Lasifika ta yi ƙirrr, sai shiru. Lambobin lokaci na ta tafiya a fuskar kwamfuta, ba sauti. Na ce ko waya ce, na taɓa, na murɗa, na ƙara murya. Can sautin ya dawo, muryar Yaya ce a asibiti tana cewa, "Amin, Inna, huta haka." Daidai wurin ne ɗaya daga wuraren da suka ƙi karantuwa. Na koma kan Ma'aji na sake gwadawa, ya yi ƙas, ƙas, ya ba ni shirun nan dai.

Na so Yaya ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta ko dube ni ba. Ta kama hannun Auta ta ce, "Ina wurin, na riƙe. Cewa ta yi kada ki sa wa ranki don ba ki zo ba, ita ta ce ki tafi. Ta ce ta yafe miki duniya da lahira. Ta ce duk tsohuwar da kika duba a can, ita kika duba."

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na zuba ba ta share ba. "Na ji, Yaya. Na gode." Sai ta juyo gare ni. "A mayar min daidai inda ta kira ni."

Na mayar. Inna ta ce, "Auta kuwa, ku gaya mata." Auta ta ce a sake. Na sake. Haka muka yi ta yi, ni ina dannawa tana saurare, har aka kira magariba. Na sha jin kunya a rayuwata, na kuma sha jin haushi, amma ban taɓa jin sun haɗu min wuri guda kamar yammacin nan ba. Da za su tashi Yaya ta miƙo min wayarta, ta ce in tura mata abin da ya rage. Auta ma ta miƙo tata. Na tura musu.

Bayan sun shiga ciki na kunna rediyo don in kori shirun. Kakakin Mai Girma Mai Almakashi ne ke bayani. Ya ce an ɗan samu hawa da saukar wuta ranar buɗe taransifoma, abin da aka saba gani a sabon aiki, amma cikin ikon Allah ba a yi asarar komai ba. Ya rufe da tunatar da jama'a cewa ƙuri'arku ita ce muryarku.

Wannan ta ƙarshen ta ɗan kwantar min da hankali, don ashe ba duka muryar Inna ta tafi ba. A zaɓen da aka yi wata da watanni bayan mun binne ta, Darakta ya yi aikin rumfa a mazaɓarmu, kuma ya tabbatar min ta zo da wuri, ta kaɗa ƙuri'arta cikakkiya, ba inda ta yanke. Da na sani, hukumar zaɓe na ba ajiyar.